Dawar Rumbu da Tukunyar Burkutu

'Yan'uwa manoma, a Ingila da Amurka wasu gidajen nunin kimiyya kan keɓe dare don manya kaɗai, a ɗanɗana giya, a nuna yadda yisti ke mayar da zaƙin tsiro barasa. Ni ban ga sabon abu ba. Matanmu sun daɗe da sanin aikin: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami.

Ba maganar dokar da jihar Sakkwato ta kafa a 2000 nake ba, maganar ci nake. Buhun da ya shiga tukunya da kaka, shi ake nema a watan Agusta, sa'ad da tiya ta yi tsada a kasuwar Goronyo. Ƙungiyoyin Magarya, dawar da muke arawa daga rumbu ta tuwo ce da iri. A rubuta haka a littafin aro tun kafin girbi.