Masu ɗaga ƙarfe a gida: Ku kashe kuɗin a sanda, siminti ya isa nauyi

Kwanakin baya na je Bagudo ziyarar gida, na tarar da ƙanina da hannu ɗaure a ƙirji. Shi da abokansa sun cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, suka soka bututun ruwa a tsakiya, suna ɗagawa kullum bayan la'asar. Ranar da tsautsayi ya faɗa, yana kwance a kan benci bututun ya lanƙwashe, gwangwani ɗaya ya rinjaya, kafaɗarsa ta goce. Da na ce me ya hana shi sayen sanda ta ƙwarai, sai ya ce: "Yaya, ai nauyin ake nema, sanda kuma ko wacce ce ta yi."

Wannan tunani shi ne kuskuren da yawancin matasanmu ke yi. Ni a ganina, idan kuɗinka kaɗan ne, sandar ce ta cancanci ka kashe mata su.

Ɗaga ƙarfe abu ne mai kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta shawarci baligai da su riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Saurayin da ke Illo ko Ka'oje ko Lolo, wanda gidan motsa jiki ya yi masa nisa, bai yi laifi ba don ya haɗa nasa a tsakar gida. Siminti ma ba shi da aibu. Lita ɗaya ta kankare tana kai kimanin kilo 2.4, don haka gwangwanin fenti mai lita 4 zai ba ka kilo 9 zuwa 10. Ka dai kai su sikelin mai sayen hatsi ka tabbatar nauyinsu ɗaya, domin ɓangare ɗaya ya fi ɗaya nauyi shi ke karkatar da baya.

Sanda kuwa ita ke saman wuyanka da ƙirjinka. Bututun ruwa rami ne a cikinsa, kaurin bangonsa kusan milimita 3 ne kawai, kuma tsatsa na cinsa ta ciki inda ido ba ya gani. Rodin gini an yi shi ne don a iya lanƙwasa shi, ga zanen jikinsa mai yage tafin hannu. Abin da ake buƙata shi ne ƙarfe cikakke marar rami.

Sandunan kamfani iri biyu ne. Akwai irin ta gasar Olamfik: ta maza tana da nauyin kilo 20, tsawon mita 2.2, kaurin wurin riƙo milimita 28. Ta mata kilo 15 ce, wurin riƙonta milimita 25. Dukansu bakinsu inda ake zura faifan nauyi milimita 50 ne, kuma yana juyawa, abin da ke rage wa wuyan hannu wahala. Sai kuma ƙarama ta gida, mai baki kimanin milimita 25, wadda ta fi araha amma ba ta ɗaukar nauyin da babbar ke ɗauka.

A nan mutanen bakin iyaka ya kamata su buɗe ido. Mun saba da kayan Kwatano, mun saba ba direba saƙo ya taho mana da kaya ta Tsamiya daga ɓangaren Segbana. Amma abin da ka biya da sefa, ya tsallako iyaka, mayar da shi sai dai labari. Faifai mai ramin milimita 25 ba zai shiga sanda mai bakin 50 ba, mai ramin 50 kuma zai yi ta rawa a kan siririyar sanda. Kafin ka tura kuɗi, sa a auna bakin sandar da ramin faifan, a turo maka hoton awon ta WhatsApp.

Idan ta iso hannunka, gwaji uku sun isa. Mirgina ta a kan daɓen siminti: in tana tsalle, ta riga ta lanƙwashe. Ɗora ta a sikeli: cikakken ƙarfe mai kaurin milimita 25 da tsawon mita 1.8 yana kai kimanin kilo 7, in ta yi ƙasa da haka sosai to da rami a ciki. Sannan duba wurin da aka yi walda ko akwai tsaga. Kada ka bari ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Kuma kada ka karɓe ta ba tare da maƙallan da ke hana faifai zamewa ba.

Wani zai ce, wa ke da kuɗin sandar kamfani a wannan tsadar rayuwa? Gaskiya ne. Amma mai walda na unguwa zai iya yanka maka cikakken ƙarfe, ya sa masa tokari a ɓangarorin biyu. Matasa biyar ko shida da ke ɗagawa tare za su iya yin karo-karo su mallaki sanda ɗaya da za ta yi shekaru. Abin da ƙanina ya kashe wajen ɗori da magani, da makonnin da ya yi bai hau babur ɗin acaɓarsa ba, ya isa ya saya musu ita har da canji. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Shawarata ta ƙarshe ga masu walda ce: idan yaro ya kawo maka bututun ruwa ya ce ka haɗa masa abin ɗagawa, ka faɗa masa gaskiya ko da cinikin zai wuce ka. Ku kuma matasa, ko da sandar ta gari ce, kada ɗayanku ya kwanta ƙarƙashin nauyi ba tare da wani a tsaye a kansa ba.