Daga ɗakin gwaji zuwa kantin magani: Darasin tallafin Amurka ga ƙananan kamfanonin lafiya

Yawancin abubuwan da masana ke ganowa a ɗakunan gwaji ba sa kaiwa hannun majinyata. Kafin sabon magani ko na'urar asibiti su shiga kasuwa, sai an yi shekaru ana gwaji, sannan hukumar kula da magunguna ta amince. A wannan tsakanin ne ƙaramin kamfani ke rasa kuɗi: banki na neman jingina, masu zuba jari kuma na jiran su ga shaidar cewa abin zai yi aiki.

Amurka ta daɗe da gane wannan giɓi. A shekarar 1982 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ta kafa shirin SBIR, bayan wani jami'i mai suna Roland Tibbetts ya fara gwada tsarin a hukumar kimiyya ta ƙasar a 1977. Dokar ta wajabta wa duk hukumar tarayya da ke kashe sama da dala miliyan 100 a shekara kan binciken da take bayarwa a waje ta ware wani kaso domin ƙananan kamfanoni. Kason ya kai 3.2 cikin 100, kuma hukumomi 11 ne ke cikin shirin. A 1992 aka ƙara shirin STTR, wanda ke haɗa kamfani da jami'a ko cibiyar bincike a aiki guda. Cibiyoyin binciken lafiya na ƙasar, wato NIH, su kaɗai na raba sama da dala biliyan 1 a shekara ta waɗannan hanyoyi biyu.

Kuɗin tallafi ne, ba bashi ba. Gwamnati ba ta karɓar hannun jari, kuma kamfanin ne ke riƙe haƙƙin mallakar abin da ya ƙirƙira. Amma ba a zuba kuɗin gaba ɗaya. A matakin farko ana ba da kusan dala dubu 300 domin a tabbatar ko tunanin zai yiwu, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya tsallake ne ke neman mataki na biyu, mai kusan dala miliyan 2. A mataki na uku babu sauran kuɗin shirin, sai kamfani ya nemo masu zuba jari ko masu saye. Ƙwararru daga wajen hukumar ne ke tantance buƙatun, kuma ma'aikatan kamfani kada su wuce 500.

Tsarin ya haifar da abin a zo a gani. Da tallafin NIH ƙaramin kamfanin Lift Labs ya ƙera cokalin Liftware, wanda ke rage girgiza domin masu ciwon karkarwar hannu su iya cin abinci da kansu, kuma Google ya sayi kamfanin a 2014. Kamfanin Sanaria na jihar Maryland, wanda Dakta Stephen Hoffman ya kafa a 2003, ya amfana da irin wannan tallafi wajen haɗa rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga ƙwayoyin cutar da ake cirowa a jikin sauro a raunana su. An gwada rigakafin a ƙasashe irin su Mali da Burkina Faso da Tanzaniya. Babu bankin da zai ba da rancen kiwon sauro na tsawon shekaru.

Shirin bai rasa nakasu ba. An daɗe ana ƙorafin cewa wasu kamfanoni sun mayar da neman tallafin sana'a, suna karɓa shekara bayan shekara ba tare da sun kai komai kasuwa ba. Shi ya sa da majalisar dokokin Amurka ta sabunta dokar a 2022, ta tsaurara sharuɗɗa kan masu yawan karɓa, ta kuma sa a riƙa bincikar alaƙar kamfanoni da ƙasashe irin su China. Wa'adin wannan sabuntawa ya cika ranar 30 ga Satumba, 2025 'yan majalisa ba su daidaita ba, lamarin da ya tsayar da ba da sababbin tallafi. Kamfani mai ma'aikata goma da gwaji a tsakiyar hanya ba ya iya jure irin wannan jira.

Najeriya ta ɗanɗana illar wannan giɓi. A shekarun 1990 cibiyar NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta haɗa maganin Niprisan domin masu ciwon sikila daga tsirrai da suka haɗa da masoro da kanumfari da ganyen dawa. An ba kamfanin Xechem na Amurka lasisin sarrafa shi a 2002, aka ƙaddamar da shi a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya durƙushe saboda bashi, maganin ya ɓace daga kasuwa na shekaru, a ƙasar da ta fi kowace yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo. Masana sun yi nasu aikin, kuɗin ɗorewa ne aka rasa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin bunƙasa masana'antun lafiya a 2023, ta kuma cire haraji kan kayan haɗa magunguna a 2024. Waɗannan matakai na taimakon masu masana'anta da suka riga suka tsaya da ƙafafunsu. Mai binciken da ke jami'a a Zariya ko Kano ko Ibadan, wanda ke son kafa kamfani kan abin da ya gano, har yanzu rancen banki mai tsananin ruwa ne a gabansa.

Abin da ya kamata Majalisar Tarayya ta yi shi ne ta ware ƙayyadadden kaso na kuɗin bincike, ciki har da na TETFund, domin ayyukan haɗin gwiwa tsakanin jami'o'i da ƙananan kamfanonin lafiya. A rubuta kason a doka mai dogon wa'adi, yadda canjin minista ba zai taɓa shi ba. A bar tantancewa a hannun ƙwararru, a wallafa sunan duk kamfanin da ya karɓa da abin da ya samar, a biya kuɗin mataki-mataki, NAFDAC kuma ta shigo tun daga farko. In aka bar rabon a hannun 'yan siyasa, kuɗin zai ƙare a kan 'yan lele, masu sikila kuma su ci gaba da jira.