Fatsa: Tsakanin Kwarkwaron Turawa Da Totuwar Kara



Duk wanda ya tashi a Daudawa ko ƙauyukan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ya san yadda yara ke yi idan damina ta yi nisa, kududdufai da rafuka suka cika. A sami sanda, a ɗaura zare da ƙugiya, a tono tana a gindin juji, a yanko totuwar karan dawa ko guntun tsohon silifa, sai bakin ruwa. Mu ma haka muka yi. To yanzu ga waya ta zo, muna ganin Turawa da dogayen sanduna masu na'ura a gindi, har wasu ƙannenmu na cewa tamu fatsar wasan yara ce. Shi ya sa yau za mu buɗe cikin na'urar mu ga abin da take yi.

Ku ɗauke ta kamar kwarkwaron keken ɗinki: zare ne naɗe a jikinsa, da hannun juyawa. Irin da muke magana a kai yana da murfi, zaren na fitowa ta baki ɗaya. Ka danna da yatsa, wani ɗan ƙarfe da ke riƙe da zaren ya shige ciki, ka wurga, zare ya warware. Da ka juya hannun, sai ƙarfen ya dawo ya kama zaren yana naɗewa. Amfanin murfin shi ne iska ba ta samun damar cukurkuɗa zaren, kuma hannu ɗaya ya ishe ka sarrafa shi. Wani mai gyaran agogo, R. D. Hull, shi ya ƙirƙiro irinsa a Amurka, kamfanin Zebco ya fara ƙera shi a birnin Tulsa a 1949. A Ingila kuwa, masu fatsa a koguna sun daɗe suna son ABU 506, ƙirar ƙasar Suwidin, domin yana ba su damar sakin zare a hankali, ruwa na tafiya da ƙugiya zuwa inda kifi yake.

Amma ku lura, aikinsa ke nan: saki da naɗewa. Ba ya gaya wa kowa cewa kifi ya zo. Wannan aikin abin da ke yawo a saman ruwa ne, wato totuwarmu, kuma a nan mu da Baturen ilimi ɗaya muke bukata.

Ku tuna darasin Akimidis a ajin kimiyya: ruwa na tura abu sama daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Idan totuwa ta yi girma, tana kwance gaba ɗaya a sama, kifi zai ji tana ja da shi, sai ya tofar da tana ya wuce. Dabarar ita ce a matse 'yar dalma a zaren, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, har totuwar ta nutse, kanta kawai ake gani. Daga nan ko taɓawa kifi ya yi, za ku gani.

Sai zurfi. Kafin ku sa tana, ku rataya wani abu mai ɗan nauyi a ƙugiya ku jefa. In totuwa ta ɓace, zaren da ke ƙasanta ya yi gajere. In ta kwanta, ya yi tsawo. Ku riƙa matsar da ita har ku gane zurfin wurin. Tarwaɗa da kurungu a ƙasa suke kiwo, musamman da yamma, karfasa kuwa kan taso tsakiyar ruwa. Kuma ba nutsewa kaɗai ce alama ba. Wani lokaci totuwa kan taso ta kwanta, wato kifi ya ɗauki tana ya ɗaga dalmar. Wanda bai san haka ba, ko kwarkwaron zinare aka ba shi, hannu rabbana zai koma gida.

In akwai abin da ya kamata mu kwaikaya a wurin Turawan, shi ne haƙurinsu. A Ingila an hana irin wannan fatsa a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni kowace shekara, don kifi ya hayayyafa, kuma galibi suna mayar da abin da suka kama. Mu ci muke yi, ba laifi. Amma ɗan karfasan da bai kai yatsu biyu ba, me zai ƙara a miya? Ku jiƙa hannu, ku zare ƙugiya a hankali, ku mayar da shi. Masu tace ruwa da gidan sauro kuwa, abincin baɗi suke kwashewa, su bar iyali da cizon sauro.

Kun san halin tsaro a yankinmu, don haka kada kowa ya fita sai da izinin iyaye, kada a yi nisa da gari, kada a kai magariba. Ruwa mai zurfi irin madatsar Mairuwa sai tare da babba. Ku tsaya a gaɓa, domin a ruwan kwance ake ɗaukar tsargiya; wanda ya ga jini a fitsarinsa ya faɗa a gida a kai shi asibiti, akwai magani.

Aikin gida: ku cika bokiti da ruwa, ku gwada totuwa da dalma har kanta kawai ya rage a sama, ku rubuto mana yadda kuka yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.