Laimar kwaɗi: kwando ya fi ilimi saurin cika

Da zarar ruwan Satumba ya jiƙa dazuzzukan Turai, sai mutane su ɗauki kwando da 'yar wuƙa su bazama neman laimar kwaɗi. A Italiya da Faransa da Jamus, wannan tsohuwar al'ada ce ta lokacin kaka, kuma a 'yan shekarun nan ta samu sababbin masoya daga cikin 'yan birni, waɗanda wayar salula ce malaminsu. Bahaushe, da ya laƙaba wa tsiron sunan kwaɗo, ba kasafai yake kallonsa da idon abinci ba. A can kuwa wasu nau'o'insa sun fi nama tsada.

Sha'awar ba laifi ba ce. Abin tsoron shi ne zaton cewa hoto ya isa shaida.

Akwai nau'in da masana ke kira Amanita phalloides, wanda ke haddasa mafi yawan mace-macen da cin laimar kwaɗi ke jawowa a duniya. Ba shi da ɗaci, dafuwa ba ta kashe dafinsa, kuma rabin guda ɗaya na iya halaka baligi. Mugun halinsa jinkiri ne. Sai an yi awa shida ko fiye kafin amai da gudawa su fara. Bayan kwana ɗaya ko biyu mai ciwo ya ji sauƙi har ya ɗauka ya warke, alhali hantarsa ce ke lalacewa. Wasu ba abin da ke cetonsu sai dashen hanta.

Abin da ya faru a Jamus a Satumban 2015 ya isa misali. 'Yan gudun hijira da dama, galibinsu daga Siriya, sun kwanta asibiti bayan sun ci wannan nau'in, har asibitin koyarwa na Hanoba ya buga sanarwar gargaɗi cikin harsuna daban-daban. Likitoci sun yi zaton ya yi musu kama da wani da suka saba ci a gida. Ke nan ba jahilai ba ne. Iliminsu na wani daji ne daban. Idan idon da ya ƙware tun ƙuruciya zai ruɗu don an sauya ƙasa, ina ga manhajar da ba ta jin ƙanshi, ba ta tono gindin tsiro ta ga kumburin da ke ɓoye cikin ƙasa? A 2023 ma sai da ƙungiyar masanan laimar kwaɗi ta New York ta ja kunnen jama'a game da littattafan jagora da ake sayarwa a Amazon, waɗanda ake zargin ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta su.

Hana shiga daji ba mafita ba ne, ba kuma zai yiwu ba. A Faransa an saba kai abin da aka tsinko kantin magani a duba, ko da yake ƙwarewar masu kantin ta bambanta. Tsarin Suwizalan ya fi ƙarfi, kuma shi ya kamata ɗalibin da ya je karatu Turai ya nema kafin ya bi abokai daji: garuruwa da yawa na da masu dubawa da suka ci jarrabawa, waɗanda ke zama a ranakun da aka tsayar cikin kaka. Ana juye musu kwando baki ɗaya, su bi ɗaya bayan ɗaya. In suka ga mai kisa ko guda, duka kwandon ake zubarwa, domin ɓarɓashinsa na iya maƙalewa a jikin sauran.