Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kula Da Tsofaffin Dawaki

 

Dalilin wannan wasiƙa shi ne dokin da ya haura shekara 15, wanda yake gyangyaɗi a turke har ya durƙushe, sannan ya zabura ya miƙe. Da an ga haka sai a ce farfaɗiya ce ko ƙarancin jini, a garzaya a sayo garin bitamin da allurar ƙarin kuzari. Kafin ku zaro kuɗi, ku tambayi mai kwana a barga: yaushe rabon dokin nan da kwanciya?

Doki yana barci a tsaye, amma sama-sama. Barci mai nauyi, wanda jiki ke saki gaba ɗaya, sai a kwance yake samuwa, kuma yana bukatar kamar minti 30 na irinsa a kowace rana. Tsohon da gaɓoɓinsa ke ciwo yana tsoron ya kwanta ya kasa tashi, sai ya yi makonni a tsaye, barcin ya riƙa kayar da shi. Shaidarsa ƙujewa a gwiwa da saman kofaton gaba. Ku sassauta igiya da dabaibayi, ku zuba yashi mai laushi, ku raba shi da ingarman da ke tsorata shi, likitan dabbobi kuma ya duba ciwon gaɓɓan. In ba ku ga ƙasa a gefen cikinsa da safe ba, da wuya in ya kwanta.

Ƙarin abinci yana da amfani a inda akwai giɓi. Bitamin E yana kare jijiyoyi, kuma ɗanyar ciyawa ce tushensa. Harawar da ta daɗe a ajiye ta rasa mafi yawansa. Dokin da ya yi shekara da shekaru bai ci ɗanya ba yakan rame, ya riƙa karkarwa, ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Wannan kam yana bukatar ƙari. Dusa kuwa fosforas ɗinta ya rinjayi kalsiyam, in ta yi yawa ƙashi yakan yi laushi, fuska ta kumbura. Masarar da ta yi fumfuna kada ta shiga barga, gubarta tana lalata ƙwaƙwalwar doki.

Ku yi hattara da sinadarin seleniyam, domin tsakanin amfaninsa da illarsa tazarar kaɗan ce. A 2009, a jihar Florida ta Amurka, dawakan wasan folo 21 suka mutu bayan an yi musu allurar ƙarin kuzari da aka cika wa seleniyam bisa kuskure. Saboda haka kada ku haɗa gari biyu ko uku ba ku karanta abin da ke cikinsu ba.

In kuma tsohon doki ya tara dogon gashi da ba ya zuba, yana yawan shan ruwa da fitsari, ga kasala, mai yiwuwa cutar wata 'yar gaɓa ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Gwajin jini ke tabbatar da ita, maganinta na wajen likita, bitamin ba ya taɓa ta.

Dokin da ya yi muku hawan Sallah shekaru da dama yana da haƙƙi a kanku. Ku fara da makwancinsa, sai abincinsa, sai likita. Abin da likita ya ce ya rasa, shi za ku saya.

Allah Ya sa albarka a kiwo. Wassalam.