A Bar Mujiya Ta Yi Aikinta

'Yan'uwa cikin Kristi, akwai wata ɗabi'a da muka gada, muka kuma shigo da ita har cikin majami'a muka sa mata rigar addu'a. Da zarar an ji kukan mujiya a silin, ko a kan bishiyar da ke bayan gidan fasto, sai a ce mayu sun zo. Matasa su ɗauko danƙo da duwatsu, a kashe ta, a ƙone gawar, ranar Lahadi kuma wani ya tashi ya ba da shaidar nasara. Wannan tsoro ne tsagwaronsa, kuma yana jawo mana hasara.

Bari mu fara da abin da ke tsoratar da mu. Mujiya tana juya kanta har kamar za ta kalli bayanta, domin idanunta ba sa motsi a cikin gurbinsu, kuma ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7. Ba a jin ƙarar fiffikenta domin gashinsa mai laushi ne, don kada ɓera ya ji zuwanta. Hucin nan da ake ji a silin da tsakar dare, yawanci 'ya'yanta ne ke neman abinci. Ina maitar take a nan?

Abincinta kuwa ɓera ne. Mujiya guda takan ci ɓeraye uku ko huɗu a dare ɗaya, in tana da 'ya'ya kuma ta kama fiye da haka. Cikin waɗanda take kamawa har da ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, yana zuba ta cikin abincinmu ta fitsari da kashi.

Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan cuta. Sunanta daga garin Lassa na jihar Borno ya fito. A nan ne wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu a watan Janairu na 1969, aka kai ta asibitin mishan na SIM a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta rasu. A 1970 cutar ta kashe Dokta Jeanette Troup a wannan asibiti. Har yau kowane rani cutar tana dawowa, musamman a Bauchi, Taraba, Edo da Ondo. Wasu da suka warke sukan kurmance. Ga mai ciki kuwa, sau da yawa ɗan cikin ba ya tsira. Duk da wannan tarihi, muna jifan tsuntsuwar da ke rage mana ɓeraye kyauta, sa'an nan mu sayo guba mu barbaɗa a ɗakin da yara ke rarrafe.

Wasu sun gane wannan tuni. A Isra'ila, tun 1983 manoma suka fara kafa wa mujiya akwatunan sheƙa a gonaki, yanzu akwatunan sun kai dubbai, manoman Jodan ma sun bi sahu. A Maleshiya haka ake yi a gonakin kwakwar manja. Su suna yi mata ɗaki, mu muna yi mata azumin kwana uku.

Wani zai ce, “Ai ta yi kuka a gidan wane, bayan mako guda aka yi mutuwa.” To, gida nawa ta yi kuka ba a mutu ba? Waɗannan ba wanda ke ƙirga su. Mujiya tana zuwa inda abincinta yake. In ta nace wa gidanka, abin da take nuna maka shi ne akwai ɓeraye a rumbunka. Duba buhunan hatsi kafin ka kira taron addu'a.

Wani kuma zai ce, “Kuna musun ikokin duhu ke nan?” Ba mu musa ba. Afisawa sura 6 ta faɗi waɗanda muke yaƙi da su, babu tsuntsu a cikin jerin. Littafin Firistoci sura 11 ya sa mujiya cikin tsuntsayen da aka hana Isra'ilawa ci, amma bai ce a kashe ta ba. Allah ne ya yi ta, ya ba ta aikin dare kamar yadda ya ba shirwa aikin rana. In kukan tsuntsu ya isa ya hana mai bi barci, bangaskiyar ce ke bukatar dubawa.

Abin da ya fi muni, jifan ba ya tsayawa a kan mujiya. Bayan an kashe ta, sai a fara raɗa: “Wace ce ta rikiɗa?” Yatsa kuma kullum a kan marar gata yake sauka: gwauruwa, ko tsohuwar da ba ta da ɗa. A daina cin abincinta, a hana yara gaishe ta, ita ma ta zama mujiya a cikin ikilisiyar da ta yi shekaru tana share wa daɓe. Wannan shaidar zur ce a kan maƙwabci, kuma mun san dokar da ta hana ta.

Saboda haka muna kira ga shugabannin zumuntar matasa: a hana harbin mujiya a harabar majami'a, a kuma daina karɓar kisanta a matsayin shaida. In ta yi sheƙa a silin, a jira 'ya'yan su tashi kafin a toshe ramin, a rataya mata akwati a kan bishiya. Mujiya ita kaɗai ba za ta kawar da Lassa ba, don haka mu ma mu yi namu: a rufe abinci a mazubi mai murfi, a daina shanya a gefen hanya, a nisanta juji da gida, a bar cin ɓera. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, a kai mai shi asibiti da wuri, ana tafe ana addu'a. Ƙarfin da muke ɓatawa wajen jifa, mu kai shi gidan tsohuwar nan mu toshe mata ramukan ɓera.

Ya Ubangiji, ka cire mana tsoron abin da hannunka ya yi, ka kuma tsare bakinmu daga ƙazafi. Amin.