WAHALAR MOTA A BAKIN BIRNI, TAMU CE

Jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

Wani zai ce, me ya haɗa manomin Doguwa da wahalar mota a birnin Kano? To, ku saurara. 'Ya'yanmu da suka tafi birni neman abinci, a ina suke kwana? Tsadar haya ta kora su bakin gari: Sheka, Na'ibawa, Mariri, Kumbotso, Fanshekara. Aikinsu kuwa yana Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa, ko masana'antun Sharaɗa da Bompai. Kullum da safe sai sun shiga, da yamma sai sun fito.

Da me za su shiga? A watan Janairun 2013 gwamnati ta hana 'yan acaɓa ɗaukar fasinja a birni, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Nauyin jama'a ya koma kan A Daidaita Sahu, abin da bai wuce cin mutum uku ko huɗu ba. Da direbobinta suka yi yajin aiki a Janairun 2022, lebura da ɗan makaranta sai takawa da ƙafa. Ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota ya bi shi.

Yanzu ku yi lissafi. Yaron da zai yi hawa biyu kafin ya kai wurin aiki, biyu kafin ya koma ɗaki, me zai rage ya aiko gida? Kuɗin takin da kuke jira da damina, a bakin titi yake ƙarewa. Haka mai jinya da ya sauka tashar Unguwa Uku, sai ya yi shata kafin ya kai marar lafiyarsa Asibitin Murtala.

Abin da muke nema a fili yake. Manyan motocin bas na gwamnati, kowace da hanyarta, daga bakin gari zuwa kasuwanni tun da asuba, kuɗin hawa a rubuce a jikin mota. A haɗa su da waɗanda za su riƙa tasowa daga Tudun Wada da Kwanar Dangora. 'Yan A Daidaita Sahu kuwa kada a kore su, da yawansu namu ne. Su kwaso mutane daga lunguna zuwa bakin titi.

Kada wani ya ce muku abin ya fi ƙarfin hukuma. A nan Bebeji aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako. Jihar da ta tare kogi ba za ta kasa sayen bas ba.

Don haka in ɗan takara ya zo da taliya da atamfa, ku tambaye shi a gaban jama'a: mota nawa, wace hanya, wane wata, kuma nawa ne kuɗin hawa? Wanda ya amsa dalla-dalla, shi ya cancanci ƙuri'arku. Wanda ya kama kame-kame, ku bar shi ya taka da ƙafa kamar yadda 'ya'yanmu suke yi.

Allah ya ba mu sa'a, amin.